Gobara ko Ƙunar Ganganci: Tsokaci a Kan Fassarar Kalmomin Ingilishi Masu Nufin Cinna Wuta da Masu Cinna Ta

1.0 Gabatarwa

Garin Bangi shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Mariga da ke cikin Masarautar Kontagora a Jihar Neja, kuma yanki ne na manoma da makiyaya wanda ya yi iyaka da Jihar Zamfara. Kamar sauran ƙasashen noma na Arewa, da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa, to lokacin wuta ya kama. Manomi yakan ƙona sassabe, mafarauci yakan sa wa daji wuta don ya kori nama, makiyayi yakan ƙona busasshiyar ciyawa don sabuwa ta toho, a cikin gari kuma tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya lashe danga da ɗaki da rumbu. Daga wajejen shekarar 2020 wata irin wuta ta ƙaru a kan waɗannan, wato wadda 'yan bindiga kan cinna wa gidaje da rumbuna idan sun kai hari ƙauyukan wannan yanki da maƙwabtansa.

Duk waɗannan wutace ne, amma ba hukuncinsu ɗaya ba. Matsalar ita ce rahoton 'yan sanda da takardar tuhuma da yawancin labaran da ke isa gidajen rediyo da Ingilishi ake rubuta su, alhali wanda aka yi wa ɓarna da wanda ake tuhuma da shaidu duk da Hausa suke magana. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan yadda ake fassara kalmomin Ingilishi na wannan fage zuwa Hausa, musamman "arson" da "arsonist" da "incendiary" da "pyromaniac" da "firebrand". Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne, Ingilishi yakan ajiye niyyar mai laifi a cikin suna, Hausa kuwa a cikin aikatau take ajiye ta. Saboda haka duk mai fassarar da ya nace sai ya musanya suna da suna, ya ɗauko "gobara" ya ɗora a gurbin "arson", to ya shafe mai laifin daga cikin zancen ke nan.

2.0 Kalmomin Ingilishi da Tushensu

Kalmar "arson" ta shiga Ingilishi ne ta hanyar Faransancin da ake shari'a da shi a Ingila, asalinta kuma wani aikatau ne na Latin mai ma'anar ƙonewa. Tun farkonta kalmar kotu ce. A tsohuwar dokar gargajiya ta Ingila tana nufin mutum ya ƙona gidan kwanan wani da mugun nufi. Ke nan abu uku ne a dunƙule a cikinta: akwai wuta, akwai dukiya, akwai kuma niyya. Idan aka cire niyya, kalmar ta rushe. Daga gare ta aka ƙirƙiri "arsonist", wato wanda ya aikata wannan laifi, ko da sau ɗaya ne a rayuwarsa.

Ita kuwa "incendiary" daga kalmar Latin mai nufin babbar wuta ta fito, kuma tana da fuska uku. Takan zo da ma'anar mutumin da ya cinna wuta, takan siffanta makami ko sinadarin da aka ƙera don ya tayar da wuta, sannan takan siffanta maganar da ke tunzura jama'a. Kalmar "pyromaniac" haɗin kalmomin Girkanci biyu ne, wuta da hauka, kuma ba ta kotu ba ce, ta likitocin ƙwaƙwalwa ce. Tana nufin wanda zuciyarsa ke ingiza shi ya cinna wuta ba don riba ko ramuwar gayya ba, sai don abin da yake ji a ransa idan ya ga tana ci. Ta ƙarshe, "firebrand", asalin ma'anarta bakin wuta, wato guntun icen da ke ci, amma an fi amfani da ita a yau ga mutum mai zafin harshe a fagen siyasa ko wa'azi.

Idan aka lura, dukkan kalmomin nan biyar sunaye ne ko siffofi. Kowace tana laƙaba wa aiki ko mutum tambari, kuma tambarin yana tsayawa da kansa ko ba a ambaci abin da aka ƙona ba.

3.0 Yadda Hausa Ke Rarrabe Wuta

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a wannan fage, sai dai arzikinta a wajen aikatau yake. Dubi waɗannan misalai:

(1) Ta hura wuta.
(2) Ya kunna fitila.
(3) Ya ƙyasta ashana.
(4) Sun sa wa daji wuta.
(5) Ya cinna wa rumbun wuta.
(6) Sun banka wa ƙauyen wuta.

A misali na (1) da na (2) wutar amfani ce, ta girki da ta haske, ba wanda zai ji su ya kawo laifi a ransa. Misali na (3) farkon aiki kawai ya nuna. Na (4) yana tsaka-tsaki, domin sai an san dajin da lokacin da dalilin kafin a ce an yi daidai ko an yi ɓarna. Amma a (5) da (6) zancen ya sauya. "Cinna" na nuna an kai wutar da hannu an dangana ta da abin da ake nufi, "banka" kuwa ta ƙara da nuna ƙarfi da yawa da rashin tausayi. Ƙaramar kalmar nan "wa" ita ma tana da aiki babba, domin ita ce ke nuna abin da aka nufa da wutar. Bahaushe bai cika cewa an banka wa abu wuta bisa kuskure ba. Ashe ke nan niyyar da Ingilishi ya cusa a cikin "arson" tana nan a cikin "cinna wa" da "banka wa".

A ɗaya gefen kuma akwai jumlolin da wutar ce da kanta ke zama mai aiki:

(7) Gobara ta tashi a kasuwa.
(8) Wuta ta kama ɗakin.
(9) Wuta ta cinye rumbuna uku.
(10) Rumbun ya ƙone.

Ba ɗan'adam ko ɗaya a cikin waɗannan jumloli. Misali na (10) ya fi jan hankali, domin aikatau "ƙone", wanda ke cikin giredi na huɗu a tsarin da F. W. Parsons ya fito da shi a 1960, yana iya zuwa da karɓau, yana kuma iya zuwa babu shi. Ana cewa "sun ƙone rumbun", ana kuma cewa "rumbun ya ƙone". Tazarar da ke tsakanin jumlolin biyu ita ce tazarar da ke tsakanin laifi da tsautsayi, ga shi kuwa kalma ɗaya ce a cikinsu. Tafintan da bai natsu ba yana iya zamewa daga wannan zuwa waccan ba tare da ya ankara ba.

4.0 Illar Fassara "Arson" da "Gobara"

A tunanin Bahaushe gobara masifa ce da ke faɗo wa mutum, 'yar'uwar ambaliya da fari da annoba. Shi ya sa ake yi wa wanda ta shafa jaje, a ce masa Allah ya mayar da alheri, Allah ya kiyaye gaba, shi kuma ya amsa da cewa haka Allah ya ƙaddara. Masu iya magana ma sun ce gobara daga kogi maganinta Allah. Kalmar tana jan mai sauraro zuwa ga haƙuri da dangana, ba ta tura shi neman wanda ya yi. Wannan ya dace da irin wutar da ta cinye Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, ko ta Babbar Kasuwar Sakkwato a watan Janairu na 2021, inda abin da jama'a suka fara gani shi ne wuta da asara. Amma bai dace ba ko kaɗan da abin da ya faru a Kafin Koro ta Ƙaramar Hukumar Paikoro a Jihar Neja a watan Janairu na 2023, lokacin da mahara suka banka wa gidan limamin cocin Katolika wuta ya rasu a ciki, ko abin da ya faru a wani masallaci a Ƙaramar Hukumar Gezawa ta Jihar Kano a watan Mayu na 2024, inda wani mutum ya cinna wa masallata wuta suna sallar asuba. Duk wanda ya kira waɗannan biyun gobara kawai ya yi shiru, ya rage gaskiya.

Masu fassara da dama sun gane wannan, sai suka koma ga "tayar da gobara" ko "haddasa gobara". Wannan ya fi, domin ya dawo da mai aiki cikin jumla, amma bai warware matsalar ba. Ai ana cewa wayar lantarki ta haddasa gobara, ko kyandir ya tayar da gobara, kuma ba wanda zai ce waya ko kyandir suna da niyya. Yaron da ya yar da garwashi a kusa da zana shi ma ya tayar da gobara. Ke nan wannan fassara ta haɗa mai ganganci da mai sakaci da abu marar rai a cikin buhu ɗaya.

Wata fassarar da ta yaɗu ita ce "ƙone-ƙone". Ita kuma illarta daga ƙirarta take. Ninka kalma irin wannan a Hausa yana nuna yawa da maimaici da warwatsuwa, shi ya sa take tafiya tare da "kashe-kashe" da "fashe-fashe" a labarin tarzoma. Mutum ɗaya da ya lallaɓa da dare ya cinna wa rumbun abokin gabarsa wuta bai yi ƙone-ƙone ba. Idan aka karanta masa tuhuma da wannan kalma, an kumbura laifinsa zuwa na taron jama'a, idan kuma aka ce gobara, an sauke masa shi gaba ɗaya.

5.0 Abin da Doka Ta Ce

Abin mamaki shi ne kalmar "arson" da 'yan jarida ke ta fama da ita ba ita ce kalmar dokar Arewa ba. Gaskiya ne tana cikin kundin laifuffukan da Turawa suka kafa a Arewa a 1904 suka kuma shimfiɗa shi a kan Nijeriya duka a 1916, kuma har yanzu tana cikin sashe na 443 na wannan kundi, inda hukuncinta ya kai ɗaurin rai-da-rai. Amma Jihar Arewa ta bar wannan kundi ta kafa Dokar Final Kod a 1959, ta fara aiki da ita a 1960. Ita wannan doka an ɗauko ta ne daga ta Sudan, wadda ita kuma ta samo asali daga ta Indiya ta 1860. A cikinta ba a ware wa cinna wuta suna na kansa ba. An sa shi ne a ƙarƙashin babin "mischief", wato ɓarna, sannan sashe na 336 da na 337 suka yi bayanin ɓarnar da aka yi da wuta ko da abin fashewa. Sashe na 337 ya tsananta hukunci idan abin da aka nufa wurin ibada ne, ko wurin kwanan mutane, ko wurin ajiyar dukiya.

Wannan tsari ya fi kusa da yadda Hausa ke kallon al'amarin. Mutumin Bangi ya san ɓarna sarai, domin ita ce kalmar da yake kai ƙara da ita idan shanu sun shiga gonarsa. Idan aka ce masa ana tuhumar wane da yin ɓarna da wuta da gangan, ba ya bukatar ƙarin bayani. Haka nan ambaton wurin ajiyar dukiya yana da muhimmanci a ƙasar noma, domin tsohuwar ma'anar "arson" a Ingila a kan gidan kwana ta ginu, alhali a ƙauye ƙona rumbu ya fi ƙona ɗaki ciwo. Ɗaki ana sake yi masa jinka cikin mako guda, amma dawa da geron da suka ƙone sai wata damina.

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da shi, ya riga ya raba al'amarin gida uku: ganganci da sakaci da kuskure. Muhtasar na Shaihu Halil ya ɗora alhakin biyan ɓarna a kan wanda ya hura wuta a ranar da iska ke kaɗawa da ƙarfi har ta tsallaka ta ci dukiyar wani. Wannan shi ne ainihin halin manomin da ya ƙona sassabensa da hunturu wutar ta ƙwace masa. Ba a sa shi sahu ɗaya da wanda ya tafi da mugun nufi ba, ba a kuma sallame shi da sunan ƙaddara ba. Fassarar da ba ta iya riƙe wannan rabe-rabe ba ta gaza abin da malaman zaure suka daɗe da sani.

Batun ya wuce gardamar masana harshe. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba duk wanda ake tuhuma haƙƙin a sanar da shi laifinsa cikin harshen da yake fahimta, a kuma ba shi tafinta kyauta. A ɗauka an tambayi manomi ta bakin tafinta, "Kai ne ka tayar da gobarar?" Shi kuma, da yake ya san daga gonarsa wutar ta taso, ya ce, "Ni ne." Idan aka rubuta wannan amsa da Ingilishi a matsayin amsa laifin "arson", to an sa shi ya amsa niyyar da ba a taɓa tambayarsa ba.

6.0 Sunan Mai Aikin

Wajen fassara "arsonist" wasu kan so a ƙera kalma ɗaya bisa ƙirar "manomi" da "maƙeri" da "maharbi", a ce "maƙoni" ko "macinni". Ƙa'idar ginin kalma ba ta hana ba, amma kunnen Bahaushe bai karɓa ba, kuma da dalili. Wannan ƙira ta ɗafa-goshin "ma-" ta fi nuna sana'a ko ɗabi'ar da mutum ya dawwama a kanta. Wanda ya yi noma sau ɗaya ba a kiransa manomi. Kalmar Ingilishin kuwa aiki ɗaya ya ishe ta. Don haka "wanda ya cinna wutar" ya fi dacewa da mutum guda a shari'a guda, "masu cinna wuta" kuma ya dace da jam'i. Tsawon fassara ba aibi ba ne muddin ta faɗi abin da ake nufi.

Game da "pyromaniac", kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce "mahaukaci". A Hausa mahaukaci shi ne wanda hankalinsa ya gushe, wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami. Mai wannan lalura kuwa yakan san abin da yake yi, abin da ya gagare shi shi ne danne sha'awar. "Mai lalurar son cinna wuta" ya fi kusa da ma'anar, kuma bai yanke hukuncin da likita da alƙali ne kaɗai ke da ikon yankewa ba.

A wajen "incendiary" da "firebrand" na ma'anar tunzura jama'a ne Hausa ta fi nuna ƙarfinta, domin tana da nata hoton da ta ɗauko daga maƙera. Yadda ɗan maƙeri ke zuga wuta da zugazugi har ƙarfe ya yi ja, haka ake zuga mutum har ya aikata abin da bai yi niyya ba, mai yin haka kuma shi ne mazugi. Akwai kuma "iza wuta" da "rura wutar fitina". Sai dai a kula, "firebrand" a Ingilishi takan ɗauki ɗan yabo, a faɗe ta ga ɗan gwagwarmaya marar tsoro, amma "mazugi" zargi ne tsantsa. Inda yabo ake nufi, "mai zafin ra'ayi" ko "ɗan gwagwarmaya mai kaifin harshe" ya fi aminci. Idan kuwa makami ake siffantawa, sai a ce "bam mai tayar da wuta".

7.0 Inda Kalmar Ingilishin Kanta Ta Gaza

Kada a ɗauka cewa gazawar duk ta Hausa ce. Kalmar "arson" an yanka ta ne daidai jikin mutum ɗaya da gini ɗaya a ƙasar da doka ke aiki. Ba ta isa ta ɗauki wutar yaƙi ba, kuma ƙasar Kontagora ta san wannan wuta tun daga yaƙe-yaƙen Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa garin a 1864, da na ɗansa Ibrahim, wanda sojojin Turawa suka kora a 1901. Su kansu Turawan da suka yi ta kuka da ɓarnar waɗannan yaƙe-yaƙe, da suka rushe garin Satiru kusa da Sakkwato a 1906 ba su kira aikinsu da wannan kalma ba, horo suka kira shi. Wato kalmar tana bin bayan mai riƙe da doka.

Haka abin yake a yau. Idan 'yan bindiga suka afka wa ƙauye suka kashe mutane, suka kora shanu, suka banka wa rumbuna wuta don yunwa ta tashi sauran, kiran wannan "arson" ya yi masa kaɗan, balle a kira shi gobara. Fiƙihu yana da kalmar hiraba ga irin wannan ta'asa, Gwamnatin Tarayya kuma ta ayyana waɗannan ƙungiyoyi a matsayin 'yan ta'adda a hukumance a watan Janairu na 2022. A nan jumlar Hausa mai aikatau, "sun ƙone ƙauyen ƙurmus", ta fi kowane suna na Ingilishi faɗin gaskiya, domin ta nuna masu yi, ta nuna abin da aka yi wa, ta kuma nuna iyakar ɓarnar.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata ana iya ba da shawara kamar haka. A bar "gobara" ga wutar da ba a san musabbabinta ba ko wadda ta tashi bisa tsautsayi. A yi amfani da "gobarar sakaci" inda akwai mai alhaki amma babu mugun nufi. A fassara "arson" da "cinna wuta da gangan" a cikin labari, da "ɓarna da wuta da gangan" a gaban kotu. Inda kuma tilas sai an sami suna gajere, kamar a kanun labari ko a ƙamus, "ƙunar ganganci" na iya cike gurbin. Ba baƙuwar ƙira ba ce, domin Hausa ta riga ta saba da "ƙunar daji", ta kuma ɗauki tsohuwar maganar nan "ƙunar baƙin wake" ta ba ta sabon aiki a bakin 'yan jarida har ta zauna daram.

Ƙamusoshin da ake dogaro da su, tun daga na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har zuwa na Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, aikinsu shi ne tattara ma'anoni, ba su ne za su tsaya a gaban alƙali ko a bayan makirufo ba. Zaɓen kalmar da ta dace da kowane hali yana wuyan tafinta da ɗan jarida da malamin fassara. Kafin su furta, ya kamata su tambayi kansu abu biyu: shin akwai hannun mutum a wannan wuta, idan kuma akwai, da gangan ne ko da sakaci? Manomin da ya tsaya a kan tokar rumbunsa a ƙauyen Bangi yana da haƙƙin jaje idan gobara ce, yana da haƙƙin a biya shi idan sakaci ne, yana kuma da haƙƙin a hukunta wanda ya zalunce shi idan ganganci ne. Kalmar da aka zaɓa a rahoton farko ita ce takan nuna wanne daga cikin ukun zai samu.